Darasi na Bakwai: Kiwon Kajin Gida Don Ƙwai da Nama

Idan kaza ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma yau, nawa ne za su kai girman yanka? Duk wanda ya taɓa kiwon kaji a tsakar gida ya san amsar. A makon farko za ka ga uwa da zugar 'ya'yanta suna tono a gindin danga. Kafin mako biyu sun koma bakwai: shirwa ta sure ɗaya, ɗaya ya faɗa kwatami, ɗaya sanyin asuba ya kashe shi. Kafin wata biyu, uku ko huɗu ne ke bin ta. Idan kuma hunturu ya shigo da annoba, har uwar sai ta tafi. Daga nan sai a ce kiwon kaji ba shi da riba, ko a ce wance ba ta da hannun kiwo.

Ba hannu ba ne, kuma ba laifin kazar ba ne. Kazarmu ta Hausa tana yin ƙwai, tana kwanci, tana ƙyanƙyasa, ta nemo rabin abincinta da kanta. Mutuwa ce ke cinye ribar, kuma mafi yawan wannan mutuwar ana iya tare ta da abin da ke cikin gida da kuɗi kaɗan. Saboda haka wannan darasi zai fi daɗewa a kan abubuwa biyu: yadda za a raya ɗan tsako har ya wuce makonninsa shida na farko, da yadda za a tsare kaji daga annobar hunturu. Wanda ya iya waɗannan, ko bai sayi sabon iri ko ɗaya ba, kajinsa za su yawaita.

Wace kaza za a kiwata?

Kazar Hausa tana fara ƙwai tana da wajen wata shida. Takan yi goma zuwa goma sha biyar, ta yi kwanci, ta yi renon 'ya'ya, sannan ta sake farawa. A shekara takan yi haka kamar sau uku, shi ya sa ƙwanta bai cika wuce arba'in zuwa sittin ba. Jikinta ƙarami ne, girmanta a hankali. Amma tana jure zafi da ƙarancin abinci, ta san gudun shaho, namanta kuma ya fi daraja a kasuwa.

Kajin gidan gona iri biyu ne. Akwai masu ƙwai, waɗanda ke farawa a mako na 18 zuwa 20, kuma idan sun sami cikakken abinci kowace takan yi ƙwai 250 zuwa 300 a shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar da irin nata mai suna Shikabrown, wanda aka tace shi don ya dace da yanayinmu. Akwai kuma buroila, na nama, masu isa yanka a mako shida zuwa takwas. Waɗannan duka ba kajin saki ba ne. Ba sa kwanci, ba su iya neman abinci ba, kuma ranar da buhun abinci ya ƙare, ranar asara ta fara. Buroila kuwa zafin watan Maris zuwa Mayu kaɗai kan kashe ta idan ɗaki ba iska.

A tsakanin biyun akwai irin su noila da FUNAAB Alpha, wadda Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta ta samar. An haɗa su ne don su ba da nama da ƙwai, su kuma iya kiwo a tsakar gida idan ana ƙara musu abinci. Zakaran noila yakan isa sayarwa a wata uku zuwa huɗu. Sai dai matansu ba su cika kwanci ba, don haka wanda ke son ƙyanƙyasa sai ya sa wa kazar Hausa ƙwansu.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya fara da abin da ya sani: sagaru huɗu ko biyar na Hausa da zakara ɗaya mai kyau. Idan ya shekara yana raya su ba tare da annoba ta share shi ba, to ya cancanci ya gwada noila ashirin. Wanda ya fara da buroila ɗari da kuɗin adashi, bai taɓa raya tsako goma ba, yana jefa dukiyarsa ne cikin haɗari.

Akurki

Kaza na bukatar wurin kwana da zai tsare ta daga muzuru, tunku, maciji, gafiya, ruwan sama da ɓarawo. Ƙaramin akurkin laka mai ƙofa ɗaya ƙanƙanuwa, wanda hannu ba ya kaiwa ƙarshensa, shi ne matattarar ƙuma da kuɗin cizo, domin ba ya sharuwa. A gina wanda mutum zai iya shiga ko ya buɗe rufinsa, a kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, da tagogi masu raga ta ɓangarori biyu don iska ta ratsa. A gitta sanduna a ciki, kamar kamu biyu daga ƙasa, saboda kaza ta fi son kwana a sama. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko yashi busasshe, a riƙa sharewa kowane mako, a barbaɗa toka, a liƙe tsagar bango inda ƙwari ke ɓuya. Kashin da aka share a tara shi a rami ya ruɓe tukuna kafin a kai lambu. Ɗanyensa yana ƙone shuka.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: kaji ba sa kwana ɗaki ɗaya da mutane, kuma ba sa kwana a madafa. Yaro mai rarrafe da ke wasa inda kashin kaji yake, gudawa ba ta rabuwa da shi.

Abinci da ruwa

Watsa wa kaji tsabar dawa da safe yana cika musu ciki, amma ba ya gina jiki. Hatsi da dusa ƙarfi suke bayarwa. Nama da ƙwai kuwa ana gina su ne da irin abin da kaza ke samu a ƙwari, gara, tsutsa, ƙuli-ƙuli, garin kifi da waken suya. Shi ya sa kaji ke murmurewa da damina da kaka, su rame da rani: a rani ƙasa ta bushe, babu abin tono.

Ga haɗi mai sauƙi da za a ƙara musu da yamma idan sun dawo kiwo: kwano uku na ɓarzajjiyar masara ko dawa, kwano ɗaya na dusa, kwano ɗaya na dakakken ƙuli-ƙuli maras yaji ko soyayyen waken suya, da ɗan busasshen ganyen zogale. Waken suya dole a soya shi ko a dafa, domin ɗanyensa na hana abinci narkewa a cikin kaza. Ciyarwar yamma tana da wani amfani kuma: tana koya wa kaji dawowa gida da wuri, ta ba mai su damar ƙirga su da duban lafiyarsu.

Gara kyauta ce. A sami tsohuwar tukunya, a cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta a kan hanyar gara da yamma, nesa da ɗaki da rumbu. Da safe a ɗauko a zazzage wa 'yan tsaki. Wanda ya ga yadda suke rububinta ba sai an yi masa bayanin amfaninta ba.

Kaza mai ƙwai tana bukatar abin da za ta yi ɓawo da shi. Idan kun ga ƙwai mai laushin ɓawo, ko kaza na fasa ƙwanta tana sha, to abin da ta rasa ke nan. A ƙona ƙashi a daka, ko a gasa ɓawon ƙwai a niƙe shi sosai, a ajiye musu a wani kasko dabam. Kada a ba su hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna don ana ƙyashin zubarwa. Gubar da ke cikinta tana lalata hantar kaza, kuma ba ta tsaya ga kazar kaɗai ba, tana iya biyo ƙwai da nama.

Ruwa kuwa shi aka fi rainawa. Kaza na shan ruwa kusan ninki biyu na nauyin abin da take ci, a lokacin zafi ma fiye. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne. Kazar da aka bari tana shan ruwan wanke-wanke da na kwata ba za ta yi ƙwan kirki ba. A ajiye ruwa mai tsabta a inuwa, a canza shi safe da yamma, a wanke mazubin kullum. A bazara a ɗebo musu na randa mai sanyi da tsakar rana.

Zakara, ƙwai da kwanci

Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, sai dai wannan ƙwan na ci ne, ba ya ƙyanƙyasuwa. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. Zakaru fiye da haka faɗa ne da ɓarnar abinci; sauran zakarun a yi musu kiwon yanka.

Akwai kuskuren da kusan kowane gida ke yi. Idan baƙo ya zo, ko Sallah ta matso, ko ana neman kuɗin magani, zakaran da ya fi girma ake kamawa, domin shi ya fi tsoka, shi ya fi kuɗi. Ƙaramin da ba wanda ya so shi ake bari yana bin kaji. Shekara biyar ana haka, sai a wayi gari kajin gidan duk sun zama ƙanana, a ce iri ya lalace. Mai gidan ne ya riƙa yanke mai kyau yana barin maras kyau. Zakaran iri shi ne wanda ya fi 'yan uwansa saurin girma, mai faɗin ƙirji, mai jan zanko, mai kuzari, wanda bai taɓa kwanciya ciwo ba. Wannan ba na baƙo ba ne. Haka a wajen mata: a riƙe wadda ke yawan ƙwai, take zama a kan ƙwanta, take tsare 'ya'yanta, a bar 'ya'yanta mata su gaje ta. Mai wuya babu gashi, wadda wasu ke ƙyama saboda kamanninta, ta fi sauran jure zafi, kada a raina ta. Sannan duk shekara a canza zakara, a yi musanya da wani gida mai nisa, don kada ya riƙa bin 'ya'yansa. Haɗin jini ɗaya na kawo raunanan 'yan tsaki da yawan baragurbi.

A tanadar wa kowace kaza gurbi a wuri mai duhu da natsuwa: tsohon kwando ko fasasshiyar tukunya, a zuba toka kaɗan a ƙasa, a ɗora busasshiyar ciyawa. A riƙa kwashe ƙwai kullum ana barin ɗaya da aka yi wa alama, don kada ta sauya wuri. Ƙwan da za a sa wa kaza kada ya wuce mako guda da yi, iyaka kwana goma. A zaɓi matsakaici, mai tsabta, maras tsaga. Kada a wanke shi, domin ruwa na cire wani siririn rufi da ke hana ƙwayar cuta shiga ta ɓawo. A ajiye shi a wuri mai sanyi, kamar kusa da randa, tsinin yana kallon ƙasa. Ga inda karatunku zai yi aiki: ku rubuta ranar da aka yi kowane ƙwai a jikinsa da fensir.

Idan kaza ta fara kwanci, za ta ƙi tashi daga gurbi, ta riƙa kumbura gashi tana ƙara idan an matso. A sa mata ƙwai goma, ko sha biyu idan babba ce, gwargwadon abin da jikinta zai rufe. Wanda ya leƙo waje sanyi zai kama shi, kuma da yake tana jujjuya su, yau wannan ne a waje gobe wancan, sai haɗama ta ɓata rabin gurbin. A ajiye mata ruwa da abinci kusa, a bar ta ta fita sau ɗaya a yini ta yi birgima a toka.

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi. A dare na bakwai zuwa na goma, a ɗauki tocila a shiga wuri mai duhu, a dunƙule hannu a kan fitilar, a ɗora ƙwan a kan ramin hannun. Mai rai za a ga ɗigo baƙi a ciki da jajayen jijiyoyi sun bazu daga gare shi. Wanda haske ya ratsa fayau babu komai, ba zai ƙyanƙyashe ba, a cire shi kafin ya ruɓe ya fashe a kan sauran. A yi wannan da sauri, a mayar mata kafin su huce.

Mutanenmu sun daɗe suna sa wa kaza ƙwan zabi, domin zabuwa ba ta iya reno ba. Dabara ce mai kyau. A tuna dai ƙwan zabo kwana 26 zuwa 28 yake ɗauka. Wanda zai haɗa su a gurbi ɗaya sai ya fara sa na zabo, bayan mako guda ya ƙara na kaza, don su fito tare. In ba haka ba, kaza za ta tashi da 'ya'yanta ta bar na zabon su mutu a ɓawo.

Makonni shida na farko

Nan ne riba take, nan ne kuma take zubewa. Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashinsa ya fito sosai, ba ya iya tsere wa shirwa, ƙafarsa kuma ba ta kai tafiyar da uwarsa ke yi ba. Kazar da aka saki da 'ya'yan kwana biyu za ta ja su cikin raɓa, ta kai su bola, ta tsallaka kwata da su. Ba mugunta take yi ba, yunwa ce ke korar ta.

Maganin shi ne a tsare uwa da 'ya'yanta. A saƙa babban kwando mai faɗin gindi, ko a yi ɗan keji da sanduna da raga, a kife su a ciki a wuri busasshe mai inuwa, a riƙa matsar da shi kullum zuwa sabon wuri. Da dare a shigar da su inda gafiya ba ta kaiwa. A ba 'ya'yan tsaki mai laushi haɗe da garin ƙuli-ƙuli ko garin kifi, da gara, da dafaffen ƙwai da aka marmasa a kwanakin farko. Wanda ke da hali ya sayi mudu biyu ko uku na abincin 'yan tsaki na kanti. A wannan lokacin ne kuɗin abinci ya fi biyan kansa. A zuba abincinsu a ƙarƙashin wani ƙaramin kwando mai ramukan da su kaɗai ke iya shiga, don kada uwar ta cinye. Ruwansu a faranti maras zurfi, a jera tsakuwa a ciki, saboda tsako na nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa biyu ba, wanda ya jiƙe kuma sanyi ke kashe shi.

Bayan mako huɗu ana iya sakin su na ɗan lokaci da hantsi, idan raɓa ta bushe, inda akwai ido a kansu. A mako na shida sun yi gashi, sun yi wayo. A nan sai a raba su da uwar, a ƙara mata abinci. Kazar da aka bari da 'ya'ya takan yi wata biyu zuwa uku tana reno ba ƙwai. Wadda aka karɓe wa reno da wuri takan koma ƙwai cikin 'yan makonni, sai ta ba da zubi huɗu ko biyar a shekara maimakon uku.

Wanda ya sayo 'yan kwana ɗaya daga masu ƙyanƙyasa da inji, shi ne uwarsu. A makon farko suna bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa da kamar digiri uku kowane mako. Ana amfani da kaskon gawayi da aka kewaye, ko fitila. Ba sai da ma'aunin zafi ba, su da kansu za su faɗa: idan sun cure a jikin wuta suna kuka, sanyi suke ji, idan sun gudu bango suna haki, zafi ya yi yawa, idan sun bazu suna ci suna barci, daidai ne. Gawayi sai ya kama sosai hayaƙinsa ya ƙare kafin a shigar da shi, kuma a bar kafar iska, domin iskar gawayi a rufaffen ɗaki tana kashe tsako, tana kashe mutum.

Annobar hunturu

Kowa ya san ta. Iska ta fara kaɗawa, hazo ya sauko, sai a ji kajin unguwar gabas sun fara mutuwa. Kaza ta tsaya wuri ɗaya tana gyangyaɗi, fukafukai sun zubo kamar ta yafa mayafi, tana buɗe baki tana neman numfashi, kashinta kore tsululu. Wadda ta ɗan jima sai wuyanta ya murɗe, ta riƙa juyi. Cikin mako guda akurki ya zama kango. Likitocin dabbobi suna kiran ta cutar Niyukasil. Tana iya zuwa kowane lokaci, amma ta fi ƙarfi daga Nuwamba zuwa Maris.

Ku riƙe wannan da kyau: idan ta kama kaza, ba ta da magani. Ƙwayar cutar ba irin wadda kafso ke kashewa ba ce. Ja-da-yalon da ake farkewa a zuba a ruwa, da barkono, da ɓawon maɗaci, da gautan kaji, babu wanda ke warkar da ita. Kazar da ta tashi bayan an ba ta su, da ma mai tashi ce. Zuba wa kaji maganin mutane kuma yana da illa a kanmu: saurarsa na zama a nama da ƙwai, mu ci, har ranar da za mu bukaci maganin ya ƙi yi mana aiki.

Abin da ke akwai shi ne rigakafi, kuma yana aiki. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin alluran rigakafin kaji iri-iri. Cikinsu akwai Lasota, da kuma wanda ake kira I-2, wanda aka yi shi musamman don kajin karkara saboda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ake yi wa kowace kaza a ido, babba da ƙarama, har ɗan tsako. A riƙe ta a karkace, a ɗiga, a jira ta ƙifta ido ruwan ya shige, sannan a sake ta. Ana maimaitawa duk wata huɗu. Jiki na ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin kariyar ta kafu, saboda haka wanda ya jira sai kajin maƙwabci sun fara faɗuwa ya makara. A yi ɗaya a watan Oktoba, kafin iska ta juya, sannan Fabrairu, sannan Yuni. Lafiyayyun kaji kaɗai ake yi wa.

Jure zafi ba ya nufin a bar kwalbar a rana ko a aljihu. A saya a hannun ma'aikacin dabbobi ko shagon da ke ajiye ta a firji, a duba ranar lalacewarta, a ɗauko ta cikin ƙanƙara ko a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, a yi aikin da sassafe a inuwa. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, ta fi ƙarfin gida guda, kuma idan an haɗa ta da ruwa ba ta ajiyuwa. Wannan ya sa aikin ya fi kyau a yi shi unguwa guda: a haɗa kuɗi, a sa rana, kowa ya hana kajinsa fita da safe, mutum biyu su bi gida-gida. Ajinku wannan ma ya isa ya zama ƙungiyar da za ta fara. Kajin unguwa tare suke kiwo, don haka kariyar maƙwabcinka kariyarka ce.

Sau da yawa da ƙafarmu muke kawo cutar. Idan annoba ta shiga wani gari, masu kaji kan yi maza su kai kasuwa kafin su mutu, sai ka ga kaza ta yi araha, ka saya ka kawo gida. Duk kazar da ta shigo, ta kasuwa ce ko ta kyauta, har wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba aka dawo da ita, a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da sauran. Wadda ta nuna alamar ciwo a raba ta nan take. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone, kada a jefa a bola kare ya ja ta zuwa gidan wani. Sayar da kaza mai ciwo ga wanda bai sani ba kuwa zalunci ne, ko da kuɗin ya yi daɗi a ranar.

Sauran cututtuka a taƙaice. Gumboro na kama 'yan mako uku zuwa shida, musamman na gidan gona, rigakafinta a ruwan sha ake bayarwa. Ƙurajen da ke fitowa a zanko da gefen ido sauro ne ke yaɗa su, su ma suna da rigakafi. Kashi mai jini a 'yan tsaki alamar ƙasan ɗakinsu ya jiƙe ne. Yana da magani a wurin ma'aikacin dabbobi, amma busasshiyar shimfiɗa ce ke hana shi dawowa. Ƙuma da ƙwarƙwata suna shan jinin kaza har ta gudu ta bar ƙwanta, toka da shara ne maganinsu na farko. Idan an ba kaza magani, a tambayi kwana nawa za a jira kafin a ci namanta ko ƙwanta.

Murar tsuntsaye dabam take, domin tana iya kama mutum. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullarta a wata babbar gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma a watan aka same ta a Magariya ta Jamhuriyar Nijar. Tun daga lokacin takan dawo jefi-jefi. Da ido ba a iya bambanta ta da Niyukasil. Idan kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, fuska ta kumbura, kada a yanka, kada a fige, kada yara su taɓa. A sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ko mai unguwa a ranar.

Ci, sayarwa da rubutu

A gidaje da yawa ƙwai na sayarwa ne ko na kwanci, yara ba sa gani. Har akwai masu cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata. Wannan magana ba ta da tushe. Dafaffen ƙwai yana cikin abinci mafi gina jikin yaro daga wata shida zuwa sama, haka mai ciki da mai shayarwa. Idan kaza ta yi goma sha biyar, goma ne na gurbi, biyar na gida.

Zakarun da ba na iri ba a sayar da su da zarar girmansu ya tsaya, domin daga nan abinci kawai suke ci. A auna ƙyanƙyasa da lokacin da kaza ke tsada: Ƙaramar Sallah, Kirsimeti, da lokacin bukukuwa bayan kaka. Zakaran Hausa na bukatar wata biyar zuwa shida, noila uku zuwa huɗu, sai a ƙirga baya a san ranar da za a sa ƙwai. Wanda bai sami yin rigakafi ba, gara ya rage kajinsa tun suna lafiya kafin hunturu.

Ku ware littafi guda na kaji. Kowane shafi ku ja layi huɗu: rana, abin da ya faru, kuɗin da ya fita, kuɗin da ya shigo. Ku rubuta ranar da kaza ta kwanta, ƙwai nawa, nawa suka fito, nawa suka kai mako shida, me ya kashe sauran, da ranar rigakafi ta gaba. Ƙwan da aka ci a gida da kazar da aka yanka wa baƙo su ma a rubuta su da farashin kasuwa, domin su ma riba ce. Bayan shekara littafin zai nuna muku kazar da ta cancanci a riƙe da wadda abinci kawai take ci.

Aikin aji

Wata mata tana da kaji 4. Kowace tana ƙyanƙyashe 'yan tsaki 10, sau 3 a shekara. Idan 3 ne ke rayuwa cikin kowane 10, kaji nawa za ta samu a shekara? Idan ta tsare su a kwando ta yi musu rigakafi har 7 suka rayu cikin kowane 10, nawa za ta samu? Ku tambayo farashin matashin zakara a kasuwarku, ku lissafa bambancin da kuɗi.

Kaza ta kwanta a kan ƙwai ranar 5 ga Mayu. Wace rana za a haska ƙwan da tocila, wace rana kuma ake sa ran ƙyanƙyasa? Idan ana so a haɗa mata da ƙwan zabo, yaushe ya kamata a ce an sa shi?

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya ƙirgo kajin gidansa da na gidaje biyu na maƙwabta, ya rubuto adadin a littafinsa. Mutum biyu daga cikinku su je ofishin dabbobi mafi kusa su tambayo kuɗin kwalbar rigakafin Niyukasil, kaji nawa take yi wa, da ranar da ma'aikaci zai iya zuwa ya nuna mana yadda ake ɗigawa.